Sujada da Alheri: Abin da Ya Kamata Ka Sani Idan Damuwa Ta Yi Maka Yawa

Idan dare ya raba kana nan ido biyu, kana lissafin bashi da kuɗin makarantar yara da wani laifi da ka yi shekaru da suka wuce, ka sani kana da 'yan'uwa da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon tsananin damuwa, miliyan 301 kuma da ciwon fargaba. Masu zuwa majami'a kowace Lahadi suna cikin wannan lissafi. Kiristoci da yawa suna cewa sujada tana sauke musu nauyin zuciya, amma ba kowace sujada ke yin haka ba. Akwai wadda mutum zai fito daga cikinta da damuwar da ta fi wadda ya shiga da ita. Bambancin yana ga abin da suke kira alheri.

Mene ne alheri a koyarwar Kirista?

Alheri shi ne Allah ya karɓi mutum ba don ya cancanta ba. Kiristoci sun gaskata cewa Yesu Almasihu ya riga ya ɗauki hukuncin zunubi a kan gicciye, saboda haka gafara kyauta ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya. Ayyukan kirki suna biyowa baya a matsayin godiya, ba su ne kuɗin sayen gafarar ba. Manzo Bulus ya yi dogon bayani a kan wannan a wasiƙunsa zuwa ga Romawa da Afisawa, Agustin kuma, wanda ya yi bishop a Hippo ta ƙasar Aljeriya ta yau har rasuwarsa a 430, ya shafe shekaru yana kare koyarwar.

Labarin ɗa mubazzari a Luka sura 15 ya fi sauƙin fahimta. Yaro ya karɓi gādonsa, ya cinye a yawon banza, ya dawo da niyyar roƙon ubansa ya ɗauke shi ɗan ƙwadago. Uban ya hango shi daga nesa, ya ruga ya rungume shi, ya sa aka yanka masa ɗan maraƙi. Ɗan ƙwadago kullum a tsorace yake kada a sallame shi. Ɗan gida ko ya yi laifi an yi masa faɗa, ya san inda zai kwana.

Me ya haɗa wannan da damuwa?

Wani babban ɓangare na damuwar mai addini tambaya ɗaya ce: shin na yi abin da ya isa? Na yi addu'a yadda ya kamata? Rashin lafiyar ɗana ba hukunci ba ne a kaina? Tambaya ce da ba ta da ƙarshe, domin duk abin da ka yi kana iya ƙarawa.

Martin Luther ya sha wannan wahala. A 1505 ya shiga gidan zuhudu a Erfurt ta ƙasar Jamus, wato wurin da mutane ke keɓe kansu don ibada kawai. Ya yi azumi, ya hana kansa barci, yakan ɗauki awoyi yana furta zunubansa ga shugabansa Johann von Staupitz, ya fito kuma ya tuna da wani da ya manta. Zuciyarsa ba ta kwanta ba sai da ya zurfafa cikin nazarin wasiƙar Romawa a Wittenberg, ya fahimci cewa Allah ne ke ba mutum adalci kyauta. Daga wannan fahimta gyaran ikilisiya da ya soma a 1517 ya sami tushe, kuma ɗariku irin su ECWA da COCIN da Lutheran da ke arewacin Najeriya duk sun gaji wannan koyarwa.

Yaya sujadar kanta take aiki?

Ka lura da tsarinta. A majami'un Angilikan da Lutheran da Katolika, jama'a suna furta zunubinsu tare da murya ɗaya, dattijo da yaro, mai kuɗi da talaka, sannan mai jagora ya sanar da gafara da ƙarfi kowa ya ji. Wannan yana da muhimmanci ga mai yanke ƙauna, domin shi ba ya yarda da maganar da yake faɗa wa kansa. Yana bukatar ya ji ta daga bakin wani. Haka ma Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da mutuwar Yesu: miƙa hannu kawai kake yi a saka maka.

Sai waƙa. Wanda ya taɓa ganin Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, sun taso cikin zane iri ɗaya, wata na buga tulu, wata na kaɗa caki, mai bayarwa na ja saura na amsawa, ya san abin da ake nufi. Matar da aka yi wa rasuwa takan zauna a tsakiyarsu ba ta iya buɗe baki, saura su yi waƙar a madadinta. Bayan an tashi su ne za su bi ta gida da itace da garin tuwo. Damuwa takan sa mutum ya rufe ƙofa ya guji jama'a, sujada kuwa tana fito da shi kowane mako zuwa inda za a lura idan bai zo ba.

Ba rashin bangaskiya ba ne Kirista ya yi baƙin ciki?

A'a, Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye wannan ba. Cikin Zabura 150, da yawa kuka ne da ƙorafi ga Allah. Zabura ta 88 ma ta ƙare cikin duhu ba tare da an ga mafita ba, kuma an bar ta a littafin ana karantawa a sujada.

Dubi annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, sarauniya Yezebel ta yi barazanar kashe shi, ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Ba a tsawata masa ba. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi waina da ruwa, ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ƙara ci. Sai daga baya aka yi magana da shi, aka kuma ba shi abokin aiki, Elisha. Masu zuwa gaisuwar marar lafiya da dogon wa'azi da sun koyi wani abu a nan.

A ƙasarmu ma an ga haka. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda ta soma a Garkida a 1923, tana cikin waɗanda rikicin Boko Haram ya fi shafa. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan wannan ikilisiya ne, a Oktoban shekarar kuma aka mamaye hedkwatarta a Kwarhi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. Mambobin sun ci gaba da sujada a wuraren gudun hijira, ikilisiyar kuma ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda ake barin mutum ya faɗi abin da idonsa ya gani, ya yi kuka, ba a ce masa ya yi shiru.

Nawa ake biya?

Ko sisi. Ana yin baiko a majami'a, amma na son rai ne, ba farashin albarka ba. Idan aka ce maka damuwarka ba za ta tafi ba sai ka "shuka iri" na kuɗi kaza, ko ka sayi mai ko ruwa na musamman, ka yi hattara. Irin wannan koyarwa tana mayar da kai kan tsohuwar tambayar nan ta ko ka yi abin da ya isa, in abin bai yi ba kuma a ce bangaskiyarka ce ƙarama. Marar lafiya ya rasa kuɗinsa, ya ƙaru da zargin kai.

To, sujada za ta iya maye gurbin asibiti?

Ba za ta iya ba. John Newton, faston garin Olney a Ingila wanda ya rubuta shahararriyar waƙar alheri ta Amazing Grace, yana da amini mawaƙi, William Cowper. Tare suka wallafa littafin waƙoƙin sujada a 1779. Duk da haka, tun kafin a wallafa shi, a farkon 1773 ciwon damuwa ya kayar da Cowper, har ya ɗauka Allah ya yashe shi. Newton bai kira shi marar bangaskiya ba. Ya ajiye shi a gidansa fiye da shekara guda yana kula da shi. Ciwon ya riƙa dawowa har mutuwar Cowper a 1800, kuma har yau ana rera waƙoƙinsa a majami'u.

Saboda haka idan baƙin ciki ya kai mako biyu bai ɗaga ba, ba ka jin daɗin abin da ka saba so, barci da cin abinci sun rikice, ko gabanka na faɗuwa kullum har aiki ya gagara, ka je wurin likita kamar yadda za ka je idan hawan jini ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. Tun Janairun 2023 Najeriya tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, sabuwar kuma ta tanadi kare haƙƙin marasa lafiya. Idan an ba ka magani, kada ka daina sha don an yi maka addu'a, sai likita ya ce. Wanda kuma ya fara maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.