Lynx: yadda ake adana zaɓin launi da yadda ake warware shi

A Fashaga, yankin noman riɗi da dawa na jihar Gadarif a Sudan, kan iyaka da Habasha, layin intanet kan yi rauni. A irin wannan wuri manhajar Lynx na da rana. An ƙirƙiro ta a Jami'ar Kansas ta Amurka a 1992, rubutu zalla take kawowa babu hoto, don haka ba ta cin data sosai.

Sai dai launukan rubutunta kan gajiyar da ido. Idan aka danna harafin o, shafin zaɓuɓɓuka zai buɗe, a nemi "Show color". OFF yana kashe launi na wannan zaman kaɗai. Mai son abin ya dawwama sai ya zaɓi NEVER, ya sa alama a "Save options to disk", ya tabbatar. Lynx za ta rubuta shi cikin fayil mai suna .lynxrc.

Wajen warwarewa ne ake ruɗewa. Wanda ya mayar da ON bai adana ba, gobe zai tarar babu launi. Dole ya zaɓi ON ko OFF ya sake adanawa, sannan Lynx ta koma bin abin da allon zai iya nunawa. Goge .lynxrc ma yana aiki, amma da sauran zaɓuɓɓukan zai tafi.