Zuwa Makka a Keke: A Daina Zuga Yara

Na gaji da jin wannan magana a majalisu: wai matashin da ya ɗaura jaka a bayan keke ya nufi gabas shi kaɗai ya fi alhazan jirgi lada, domin ya raya hanyar kakanni. Ana tara masa kuɗi, ana yi masa kabbara, babu mai tambayar inda zai kwana.

Hanyar dai sananniya ce: Kano, Maiduguri, Njamena, Abeshe, Alfashir, Khartum, sai Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wanda ya taso daga Kontagora ko Tegina kuwa, kafin ya ga Kaduna sai ya ratsa dajin Birnin Gwari.

To wa ya ce kakanninmu ɗaiɗai suke tafiya? Ayari suke yi, da madugu, da jakuna, da mata da yara. Damina ta tsayar da su su yi noma, guzuri ya ƙare su yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira. Tafiyar shekaru ce, kuma da yawa ba su dawo ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, jikokinsu na can har yau. Mutanen da suka yi wannan shiri ake kwatantawa da yaro mai wayar hannu da famfo ɗaya?

Masu cewa wahala ita ce lada su koma gaban malamai. A mazhabar Malikiyya mai ƙarfin tafiya a ƙasa yana cikin masu iko, amma da sharaɗin ya aminta a kan ransa da dukiyarsa. Ina amincin? Tun Afrilun 2023 Sudan ke cikin yaƙi, Darfur kuma a tsakiyar hanyar take. A gida ma, sulhun da gwamnatin Kaduna ta yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 ya buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci sun dawo, amma wannan bai mai da dajin Kamuku da ke yankin wurin kwanan baƙo ba. Ga batun biza: Saudiyya ba ta barin kowa aikin Hajji sai da izini.

Mai son doguwar tafiyar keke ba laifi ya yi ba, sai dai ya yi ta da hankali. Ya fara neman yardar iyaye. Ya gwada ƙafarsa a gajeren zango, kamar Zariya zuwa Kano. A tafi ƙungiya, a tashi bayan asuba, a sauka kafin la'asar, a cikin gari, da sanin mai unguwa. Ya koyi faci da gyaran birki da sarƙa, ya riƙi taya ta ajiya, ruwa, gishiri da sukari, da katin shaida. In hanyar Birnin Gwari zai bi, kafin Buruku ko Udawa ya tambayi direbobin tasha labarin hanya. In suka ce a dakata, ya ɗora kekensa a mota.

Mai niyyar Hajji kuma ya nufi hukumar alhazai ta jiharsa ya fara adashin gata. Ku kuma masu zuga, in tafiyar ta yi muku, ku fara tura 'ya'yanku.