Ziyarar Tibati: Abin da Ido ke Gani da Abin da Harshe ya Adana

Garin Tibati yana cikin yankin Adamawa na ƙasar Kamaru, shi ne kuma hedkwatar gundumar Djerem. Mai fitowa daga Garwa zai yi kudu zuwa Ngaundere, sannan ya karkata kudu maso yamma. Ɗalibin da ya je da zaton zai tarar da irin ganuwar Kano ko hasumiyar Gobarau zai iya dawowa yana cewa bai ga komai ba. Dalili kuwa shi ne, yanki ne mai yawan ruwan sama, ginin ƙasa da jinka ba sa daɗewa. Saboda haka ziyarar irin wannan gari tana buƙatar kunne fiye da ido.

Ardo Hamman Sambo ne ya kafa masarautar a farkon rabin ƙarni na 19, a ƙasar da Wute suke zaune. Tana ƙarƙashin Fombina, wato daular Modibbo Adama mai hedkwata a Yola, amma Tibati ba ta cika yi wa Yola biyayya ba, har Hamman Sambo ya nemi a ba shi tuta daga Sakkwato kai tsaye. Hauren giwa da bayi ne suka ɗaukaka garin, su ne kuma suka jawo fataken Hausawa.

Ziyara tana farawa ne daga fadar Lamiɗo, domin baƙo ba ya yawo a wuraren tarihi kafin ya yi gaisuwa ya nemi izini. Ana tuɓe takalmi tun daga ƙofa. A nan ne ɗalibin harshe zai fi ƙaruwa. Harshen fada Fillanci ne, amma ɗakin shiga ana ce masa jawleeru, wanda asalinsa zaure ne, majalisar kuma faada. Haka nan a masarautun Fombina ana jin sarautu irin su Sarkin Fada da Sarkin Yaƙi, da Galdima da Kaigama waɗanda tushensu Barno ne. Wato Fulanin da suka zo da shanu da littattafai sun aro tsarin sarauta tare da sunayensa. Ranar Juma'a ko ranar Salla ta fi dacewa, lokacin da Lamiɗo yake fita masallaci da dawaki da algaita.

Akwai wata kalmar da ta fi waɗannan nauyi. Bajamushen nan Curt Morgen, da ya zo a 1890, ya gana da Lamiɗo ne a wani wuri da Jamusawa suka rubuta Sanserni. Wannan ba wata kalma ba ce illa sansani. Lamiɗo ya yi shekaru a can yana kewaye da garin Ngambe na Tikar, kuma yana can sojojin von Kamptz suka ci Tibati a 1899, suka kwashe kayan fada. Wasu daga cikin kayan suna gidan tarihi na birnin Bremen a Jamus. Ke nan wani ɓangare na abin da baƙo ya zo nema ba ya garin ma. Ya kamata kuma ɗalibi ya tuna cewa abin da fada take kira nasara, jikokin Tikar da Wute suna da nasu labarin a kansa, kuma bai dace a rubuta ɗaya a bar ɗaya ba.

A wajen gari akwai asibitin Ngaoubela, wanda 'yan mishan na ƙasar Norway suka kafa, Musulmi da Kirista duk suna zuwa neman magani. Mai sauran lokaci yana iya ƙarasawa madatsar ruwa ta Mbakaou, wadda aka gina a 1969 a kan kogin Djerem, inda masunta daga wurare da dama suka yi zango, Hausa kuma tana cikin harsunan cinikin kifi.