Hokin Yara a Kanada: Iyaye Na Neman Bahasin Kuɗinsu

A ƙasar Kanada, wasan hoki na kan ƙanƙara harka ce mai cin kuɗi, kuma iyayen yara ne ke ɗaukar nauyin rajista da kayan wasa da hayar fili. Shi ya sa ba su yin shiru in an taɓa tsarin gasa.

Daga kakar 2019, hukumar Hockey Canada ta wajabta wa yara 'yan ƙasa da shekara 9 wasa a rabin fili, ba tare da ƙidayar ci ko jeranta ƙungiyoyi ba, wai don kowane yaro ya sami damar taka rawa. Wasu iyaye sun yi na'am, wasu kuwa na ganin wanda ya biya ya cancanci ganin alƙaluma.

Alƙaluman da suka fi tayar da ƙura, sai dai, na baitulmali ne. A 2022 ta bayyana cewa hukumar ta biya diyyar dala miliyan 7.6 ta Kanada tun daga 1989 kan ƙararrakin cin zarafi ta hanyar lalata, daga wani asusun da kuɗin rajista ke shiga. Kamfanoni irin su Canadian Tire suka janye tallafi, kuma a watan Oktoba shugabannin hukumar suka yi murabus.