Ɗamarar Ƙirjin Babban Kare: Awo Kafin Saye

Karnukan gadi da ake kiwo a manyan gidajen Kano, Kaduna da Abuja, irin su Rottweiler na Jamus da Boerboel na Afirka ta Kudu, sukan kai kilo 50, wasu ma su zarce, don haka idan irin wannan dabba ta fizgi igiya da ƙarfinta, abin wuya na fata ko sarƙa yakan tattara duk nauyin a kan maƙogwaro, har ya jawo tari, shaƙewa ko rauni a wuya. Wannan ne ya sa likitocin dabbobi da dama suka fi son ɗamarar ƙirji, wato maɗauran da ke zagaye ƙirji da kafaɗu, masu zoben ƙarfe da ake maƙala igiya, domin suna raba nauyin fizga a faɗin jiki.

Sai dai ɗamarar ba ta da amfani matuƙar ba ta zauna daidai ba, kuma a nan ne akasarin masu karnuka ke kuskure, domin sukan dogara da nauyin karen ko da lambar da kamfani ya rubuta a jikin kwali, alhali kuwa kowane kamfani da nasa ma'aunin. Abin dogaro shi ne tef ɗin tela: a auna kewayen ƙirji a inda ya fi faɗi, ɗan bayan ƙafafun gaba, sannan a auna gindin wuya inda ya haɗu da kafaɗu, karen yana tsaye. Bayan an ɗaura, yatsu biyu su iya shiga tsakanin maɗauri da fata ba tare da sun yi yawo ba, kamar yadda mahayi ke gwada majayin sirdi kafin ya hau. Maɗaurin da ya matso hammata yana goge gashi ya bar gyambo, wanda kuwa ya gitta kafaɗa kai tsaye yana taƙaita taku, shi ya sa ake fifita wanda ya rabu gida biyu daga ƙashin ƙirji ya bar kafaɗu a sake.

Kuɓucewa ita ce babbar matsala, kuma yawanci ta baya take faruwa: kare ya tsorata da ƙarar babur, ya turje, ya sunkuyar da kai, ya miƙe ƙafafun gaba ya ja da baya, nan take ɗamarar ta zame ta kansa. Karnuka masu zurfin ƙirji da siririn ƙugu, irin Azawak na makiyayan Nijar da Mali, sun fi kowa iya wannan. Maganinsa ɗamara mai maɗauri na uku wanda ke zama a ƙarshen haƙarƙari, inda jiki ya fi ƙirji ƙanƙanta, ta yadda ba zai iya wucewa gaba ba. Karen da ke jan mai shi kuwa, zoben da ke gaban ƙirji ya fi masa na gadon baya, saboda duk lokacin da ya fizga sai ya juyo gefe, ko da yake wannan ba ya maye gurbin horo.

Zafin rana yana cinye ɗinkin nailan ya busar da maɓallin roba, hunturu kuma yana tsattsaga maɗaurin fatar da ba a shafa wa mai ba, saboda haka wajibi ne a riƙa duba ɗinki da zobba, a kuma cire ɗamarar bayan yawo don fatar karen ta sha iska, a kuma ga ko kaska ta maƙale a ƙarƙashi.

Lamarin ya wuce jin daɗin dabba, domin kusan duk ciwon haukan kare da mutane ke kamuwa da shi daga cizon kare yake zuwa, kuma yara ne kan gaba wajen shan cizon. Duk wanda ya ajiye babban kare a cikin unguwa, haƙƙin maƙwabta ne a kansa ya yi masa allurar rigakafi, ya kuma gwada ɗamarar a tsakar gida kafin ya fito da shi bakin titi.