Sirrin majinyaci amana ne, ko a talho

A ƙasar Maraɗi tsoho a gidan ɗiyansa yake ƙare kwanansa, shi ya sa gidajen ajiyar tsofaffi irin na Faransa ba su samu gindin zama ba. Amma akwai inda marasa lafiya ke daɗewa ana kula da su. A Danja, kusa da Jiratawa, tun shekarun 1950 mishan ɗin SIM ke jinyar masu cutar kuturta, kuma a 2012 aka buɗe cibiyar aikin yoyon fitsari. Cututtuka ne da in labarinsu ya fita, aure kan mutu, abokan ciniki su janye.

Kafin salula ta shigo Nijar a 2001, labarin majinyaci yana cikin takarda, takarda kuwa tana cikin aljihun tebur. Yau aiki ya yi sauri: unguwarzoma a Tibiri tana iya kiran babbar asibitin Maraɗi kafin motar mai naƙuda ta iso. Sai dai wurin da ake kiran, sau da yawa baranda ce cike da ƴan dubiya. Ga shi a ƙauye lambar da mace ke bayarwa kan zama ta miji, ta ƙane ko ta maƙwabci. Saƙon murya na WhatsApp kuma, in ya bar hannu, ba ya dawowa. Magana zarar bunu ce.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar hukunta laifuka ta tanadi horo ga ma'aikacin lafiya da ya tona sirrin aikinsa. A 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, aka sabunta ta a 2022, tare da hukumar HAPDP mai sa ido.

Abin da ya rage na ma'aikaci ne. Ya keɓe kafin ya yi kira, ya rufe lasifika. Ya tabbatar da wanda ya ɗauka. Tsakanin abokan aiki lambar takarda ta isa, ba sai an ambaci suna ba. Ran karɓar majinyaci a tambaye shi wa ya yarda a faɗa wa, a rubuta.

Dangi ma su yi haƙuri. Alhajin da ya kira daga kasuwa aka ce ya zo da kansa, ba raina shi aka yi ba. Gobe in shi ne a kwance, haka za a rufa masa asiri.