Masunci Ya Tsayar Da Zaɓe A Kotu, Mu Fataken Shanu Fa?

Jama'a, duk wanda ya taɓa loda shanu a tirela daga Paga, ya biyo Bolga da Walewale ya sauko Tamale, ya san wannan zance. Kana tsaye a shinge, rana ta take, shanu na haki a bayan mota, sai a miƙo maka takarda wai an ƙara kuɗin kowane kai. Ka ce wa ya ƙara, a ce maka doka ce. Sai mu biya mu wuce, don saniya ba ta jiran gardama.

To amma ba kowace takarda mai hatimi ce doka ba. Tsarin mulkin Gana na 1992, sashe na 11(7), ya ce ƙa'idar da hukuma ta tsara sai an kai ta gaban Majalisar Dokoki, an buga ta a Gazet, sannan ta cika kwana 21 na zaman majalisa kafin ta fara aiki. Dokokin asambuli na gunduma hanyarsu daban, amma su ma sai an buga su jama'a sun gani.

Kada wani ya ce ai wannan zancen lauyoyi ne. A 2015 wani masunci daga Winneba, Benjamin Eyi Mensah, ya kai Hukumar Zaɓe ƙara, don ta karɓi sunayen 'yan takarar asambuli tun ƙa'idarta ba ta cika kwanakinta ba. Ran 27 ga Fabrairu Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya. Zaɓen da aka shirya ran 3 ga Maris a duk faɗin ƙasa ya tsaya cak, sai Satumba aka yi shi. Mai kamun kifi fa, ba minista ba!

Ba cewa muke a ƙi biya a bakin shinge ba. Wanda ya gwada, dabbobinsa ne za su kwana da ƙishirwa. A biya, amma a karɓi rasit, a duba sunan hukumar da kwanan wata. Shari'a na cin kuɗi, falke ɗaya ba zai iya ba, sai ƙungiya ta ɗauki lauya. Kuma ƙa'idar Babbar Kotu wata shida ta bayar a shigar da irin wannan ƙara, ga kotun nan Tamale kusa da mu.

Saboda haka mai rasit a aljihun riga ko ƙarƙashin kujerar direba, ya kawo wa sakatare kafin taro mai zuwa, ko da ya yamutse.